Ku Tambaya Mu Amsa: Daga Iyakar Maigatari Zuwa Iyakar Teksas

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Maigatari. Ƙanena yana karatu a garin Brownsville na ƙasar Amurka, kuma ya ce mini garin a bakin iyaka yake kamar namu, akwai zafi da ƙaya da itatuwa masu kama da giginya, har ma ruwan saman da suke samu a shekara bai fi namu da yawa ba. Amma a hotunan da yake turowa ina ganin ciyawa ɗanya a watan da mu nan ko ganye babu. Ta yaya hakan ke faruwa? Akwai kuma hoton wata dabba mai zanen damisa, wadda wani dattijon maharbi maƙwabcina ya duba ya ce shi dai bai taɓa ganin damisa ƙarama haka ba. Wace dabba ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka bai yi maka ƙari ba, amma akwai ɓangaren zancen da bai kawo maka ba, kuma a nan amsar take.

Brownsville shi ne hedikwatar gundumar Cameron, wadda ita ce can ƙarshen kudu a jihar Teksas. (Kada sunan ya ruɗi ɗalibanka, ba shi da wata alaƙa da Kamaru maƙwabciyarmu.) Gunduma a tsarinsu ta yi kusa da abin da muke kira ƙaramar hukuma. Daga gabas teku ce ta tare ta, wato Mashigin Tekun Meziko, daga kudu kuma kogin Rio Grande, wanda aka mayar da shi iyaka tsakanin Amurka da Meziko a yarjejeniyar shekarar 1848. Wanda ya haye gadar kogin daga Brownsville ya shiga garin Matamoros ke nan, kamar yadda mutumin Maigatari zai taka kaɗan ya tsinci kansa a ƙasar Nijar.

Bambanci na farko daga matsayin wuraren biyu a doron ƙasa ya taso. Maigatari tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Brownsville kuwa tana wajen digiri 26, wato nisanta daga layin ya ninka namu. Mu muna cikin ƙasashen zafi tsundum, inda rana ke tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. Iyakar wannan yanki tana kan digiri 23 da rabi, saboda haka su sun ɗan fita daga cikinsa, suna gefensa, kuma rana ba ta taɓa daidaita a tsakar kansu. Shi ya sa masana ke kiran irin yanayinsu na gefen ƙasashen zafi: suna da rabo a zafinmu, suna kuma da rabo a sanyin mutanen arewa. Ƙanenka zai fi gane wannan da azumi, domin yininsu na watan Yuni yana kusan kaiwa awa 14, na Disamba kuma ya sauko zuwa awa 10 da rabi, alhali mu tsakanin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta bai fi tazarar awa ɗaya da rabi ba.

Batun ruwa kuwa, Brownsville na samun kusan milimita 700 a shekara, yankinku kuma a mafi yawan shekaru yana kai-kawo a wajajen 500 zuwa 600. A lissafin takarda tazarar ba ta da girma. Sai dai manomi ya fi kowa sanin cewa jimillar ruwa daban, rabonsa daban. Namu ruwan yana zuba ne kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ta kwashe kaso mafi tsoka, daga nan sama ta rufe har wata bakwai ko takwas, iskar hunturu ta zo daga hamada ta tsotse ɗan abin da ya rage a ƙasa da jikin itace, bazara kuma ta ƙarasa aikin da zafin da ke haura digiri 40. Su nasu ruwan a warwatse yake. Ya fi yawa a Satumba, ana samun wani a Mayu da Yuni, kuma babu watan da za a ce lallai ba a ganin ɗigo. A kan wannan kuma ga iskar teku da ke busowa daga kudu maso gabas mafi yawan shekara, ɗauke da laima, wadda ke hana ƙasa bushewa ƙayau. Zafinsu a Yuli da Agusta yakan tsaya a wajen digiri 34 ko 35, bai kai na bazararmu ba, amma irin zafin nan ne na kwanakin da hadari ya haɗu ya ƙi zuba, wanda zufa ba ta bushewa a jiki. Kada kuma ka manta cewa ciyawar da ka gani a hoto mai yiwuwa ta harabar makaranta ce da ake yi wa ban-ruwa, domin da ya fita bayan gari zai tarar da dajin ƙaya wanda ba zai yi maka baƙo ba.

Abu biyu suke fama da su waɗanda mu Allah ya hutar da mu. Na farko mahaukaciyar guguwar teku ce, wadda lokacinta ke kamawa daga Yuni zuwa Nuwamba. A Satumbar 1967 wadda aka sa wa suna Beulah ta faɗo daidai bakin kogin Rio Grande ta bar ambaliya mai yawa, a Yulin 2008 kuma wata mai suna Dolly ta sake dukan wannan gaɓa. Abin da zai ba ɗalibanka sha'awa shi ne, da yawa daga manyan guguwoyin tekun Atlantika a sararin samaniyarmu suke fara rayuwa. Hadarin gabas ɗin nan da ke taso mana da damina, ya yi iska ya yi tsawa ya wuce yamma, jerin irinsa yakan ci gaba da tafiya har ya fita teku ta wajen Senegal, kuma idan ya tarar da ruwan teku da ɗumi sai ya riƙa juyawa yana ƙara ƙarfi har ya zama guguwa. Haka nan ƙurar Sahara kan haye tekun a watannin Yuni da Yuli ta dusashe musu sama, su ma su ɗanɗana hazo.

Na biyu sanyi ne mai daskarar da ruwa. Hunturunsu a al'ada mai sauƙi ne, rana takan kai digiri 20 da 'yan kai a Janairu. Amma daga Kanada har zuwa bakin tekunsu fili ne shimfiɗaɗɗe, babu wani jerin duwatsu da ya gitta ya tare iskar arewa, saboda haka a wasu shekaru takan gangaro musu da dukan ƙarfinta. Ta yi haka a Disambar 1983 da Disambar 1989, ta kashe gonakin lemo masu yawa. A Fabrairun 2021 da ta sake zuwa, ruwan gaɓar ya yi sanyin da kunkurun teku suka sandare suka kasa iyo, domin su jininsu yanayi yake bi, idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 sai jikinsu ya mutu. Mutanen tsibirin South Padre suka riƙa tsamo su da jiragen ruwa suna lodawa a motoci, dubbai, aka jera su a wani babban zauren taro har ruwa ya yi ɗumi aka mayar da su. Ƙanƙara mai laushi ma ta taɓa sauka a Brownsville a daren Kirsimetin 2004, bayan fiye da shekara 100 ba a ga wadda ta taru a ƙasa ba.

Itacen da ya ce yana kama da giginya sunansa sabal, ganyensa mai faɗi ne kamar mafici, kuma a da kurminsa ya rufe bakin kogin. Yanzu 'yan ƙananan kurmi ne suka rage. Ƙayar kuwa mafi yawanta wani itace ne da suke kira meskit, kuma dangin kiryarmu ne na kusa.

Yanzu ga dabbar, kuma ina roƙon ka isar wa Baba maharbi da gaisuwata, ka ce masa idonsa bai yaudare shi ba: ba damisa ba ce. Sunanta oselot, kyanwar daji ce ta nahiyar Amurka, girmanta kamar ninki biyu na muzurun gida ko fiye kaɗan, nauyinta tsakanin kilo 7 da 15. Da dare take farauta, abincinta ɓeraye da zomaye da tsuntsaye da ƙadangaru. A Amurka ta Kudu da ta Tsakiya tana nan da yawa, amma a cikin ƙasar Amurka waɗanda aka san suna haihuwa ba su kai 100 ba, kuma dukansu a wannan lungu na Teksas suke, kashi ɗaya a gandun dajin Laguna Atascosa da gwamnati ta keɓe a 1946 cikin gundumar Cameron, ɗaya kashin a filayen kiwo na masu zaman kansu da ke arewa da nan.

Na san Baba zai ce maharba ne suka ƙarar da ita, kamar yadda ake ɗora musu laifin ɓacewar barewa da gada a wajenmu. An yi farautarta saboda fatarta, wannan gaskiya ne. Amma a ganina gatari da garma sun fi bindiga ɓarna, can da nan. Ita oselot ba ta zama sai a sarƙaƙiyar ƙaya mai duhu wadda mutum ba ya ratsawa sai da rarrafe. Da jirgin ƙasa ya isa Brownsville a 1904, aka samu hanyar kai amfanin gona kasuwannin arewa, sai aka shiga sare dajin ana haƙa magudanan ban-ruwa ana shuka auduga da lemo da kayan lambu, har aka wayi gari kimanin kashi 95 cikin 100 na wannan daji ya tafi. Duk wanda ya san tarihin gyaɗa a ƙasar Kano zai ji labarin kamar ya saba da shi: jirgi ya iso Kano a 1911, layin Nguru da ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kammala a 1930, daji ya riƙa komawa gona, saura ta daina hutawa, sabara da kalgo da geza da ke ɓoye zomo da fakara suka zama itacen girki. Dabbar da aka harbe wata na iya maye gurbinta idan maɓoyarta na nan, amma wadda aka share wa maɓoya ba ta da inda za ta ajiye 'ya'ya.

Abin da ya rage wa oselot a yau tsibirai ne na ƙaya a tsakiyar gonaki da tituna. Idan namiji ya girma ya fita neman wurin kansa dole ya tsallaka kwalta, kuma mota ce kan gaba a cikin abubuwan da aka san suna kashe su. Saboda haka aka gina musu hanyoyi ta ƙarƙashin wasu titunan, aka kafa shingen waya da ke karkata su zuwa bakin hanyar. Matsala ta biyu auren dangi ne, domin 'yan uwansu mafi kusa suna can cikin jihar Tamaulipas ta Meziko, da tazarar da ta wuce kilomita 150, kuma babu dajin da ya haɗa su. Manyan danginta sun riga ta tafiya: damisar Amurka da ake kira jaguwa ba a sake ganinta a Teksas ba tun shekarun 1940, wata kyanwar kuma mai suna jaguwarundi, ta ƙarshe da aka tabbatar mota ce ta buge ta kusa da Brownsville a 1986.

TAMBAYA: Ni makiyayi ne kuma ina harkar dabbobi a kasuwannin Babura da Maigatari. Muna ji a rediyo cewa Amurka ta gina katanga a iyakarta da Meziko. Shin katangar tana hana dabbobi da cututtukansu wucewa? Mu nan ko an rufe boda, cuta ba ta tsayawa.

AMSA: Alhaji, abin da ka lura da shi a nan haka yake a can. An fara ginin shingen da gaske ne bayan wata doka ta 2006, kuma ginshiƙan ƙarfe ne a jere, tsayinsu daga mita 5 da rabi zuwa mita 9. Domin mutane aka yi shi, kuma a wannan yanki ba a bakin ruwa aka kafa shi ba, saboda kogin yana da lanƙwasa da yawa kuma yana ambaliya, sai aka bi kan jingar da ke arewa da shi. Wannan ya sa wasu gonaki da gandun daji na Amurka suka koma bayan katanga, har da kurmin sabal da na ambata a sama. Tsuntsu ba ruwansa, ɓera da maciji ma suna bi ta tsakanin ƙarafan. Waɗanda abin ya shafa su ne matsakaitan dabbobi irin su oselot da wani mai kama da gyado da suke kira habalina, waɗanda shingen ke raba su da ruwan sha, ko ya tare su a lokacin ambaliya.

Wata cuta da ta daɗe tana damun masu shanunsu ta kaska ce, mai kawo zazzaɓin da ke fasa jinin saniya. Tun 1906 suke yaƙi da wannan kaska, sun kore ta daga sauran ƙasar, amma tana nan a Meziko. Don haka suka ware wani siririn yanki a bakin kogin suka sa shi ƙarƙashin killacewa ta dindindin, inda ma'aikata ke sintiri a kan dawaki suna kama dabbobin da suka ɓato daga tsallake, kuma ba a fitar da saniya daga yankin sai an duba ta an yi mata wankan magani. Abin da ya dagula musu lissafi wata dabba ce mai suna nilgai, mai girman gwanki, 'yar asalin Indiya, wadda masu filayen kiwo suka kawo wajen shekarun 1920 zuwa 1930. Ta yaɗu a daji, tana tafiya mai nisa, tana kutsawa ta ƙarƙashin waya, kuma kaskar na hawanta. Saniya ana iya kai ta wurin wanka, nilgai kuwa ba mai kamo ta.

Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, a kan burtalolin da suka girme ta nesa ba kusa ba. Lokacin da aka rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, tirelolin kaya sun tsaya, amma ciwon huhu da na baki da kofato ba su san an rufe ba. Abin da nake ganin ya dace a ɗauka daga wajensu shi ne duba dabba a mashiga da kuma rigakafi a ɓangarorin biyu a lokaci guda, musamman a kasuwa irin ta Maigatari da ke tara dabbobin ƙasashe a ranar Alhamis.

TAMBAYA: Ni uwa ce daga wani ƙauye kusa da Kirikasamma. Na ga wani shiri a talabijin an nuna shanu a Amurka da balbela tana bin su. Na ce wa yarana tamu ce, suka yi mini dariya. Wa ya yi gaskiya?

AMSA: Hajiya, ke kika yi gaskiya, kuma ki gaya musu da ƙarfin gwiwa. Asalin balbela nahiyarmu ce da kudancin Turai, kuma ba wanda ya ɗauke ta ya kai ta can. Da fikafikanta ta haye tekun Atlantika, aka fara ganinta a arewacin Amurka ta Kudu a ƙarshen ƙarni na 19, ta riƙa hawa arewa har aka tarar da sheƙarta a jihar Fulorida a 1953, ba a jima ba ta isa Teksas. Ta tarar da shanu suna tayar da fara da ƙwari a ciyawa, wato sana'ar da ta gada, sai ta zauna.

Gundumar Cameron da muke magana a kanta ma da tsuntsaye ta yi suna, domin a nan hanyoyin masu ƙaura daga arewa ke haɗuwa, a nan kuma wasu tsuntsayen ƙasashen zafi ke da iyakarsu ta arewa, an ƙirga sama da iri 400 a gandun Laguna Atascosa kaɗai. Suna da wata mai kama da fakara da ake kira cacalaka saboda kukanta na asuba, suna da agwagwar ruwa mai fito 'yar uwar kirinjijiyarku, kuma mutane na biyan kuɗin jirgi da na masauki domin kawai su zo su kalle su. Ku ma a kan irin wannan mahaɗa kuke zaune. Fadamun Haɗeja da Nguru masauki ne na tsuntsayen Turai da ke haye Sahara su yi hunturu a wajenku, shi ya sa aka sa yankin tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2000, aka ƙara da Baturiya a 2008.

Damuwar wuraren biyu ma iri ɗaya ce, wato ruwan da aka tare a sama. Ku madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun canza yadda ambaliya ke zuwa muku, kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta zama gidan jan-baki mai cinye shinkafa da gero. Su kuma madatsun Falcon da Amistad da gonakin ƙasashen biyu sun rage Rio Grande har ta kai a 2001 ya kasa isa teku, yashi ya toshe bakinsa. A farkon 2024 masana'antar sukari ɗaya tilo da ta rage a Teksas, wadda ke garin Santa Rosa cikin wannan gunduma, ta sanar da rufewa saboda manoman rake ba su samun ruwan ban-ruwa. Tsofaffin hannuwan kogin da suke kira resaka, waɗanda a da ambaliya ke cika su kamar yadda take cika tafkunanku, yanzu da injin famfo ake zuba musu ruwa daga kogin, kuma a bakinsu ne za ki tarar da balbelar taki ta kwana a kan itace idan shanu sun koma.